Zoɓon da Na Sayar da Sunan Bitirut

Duk masanin da ya zauna rubuta tarihin birnin Abuja, in bai ware babi guda ga tumbin ma'aikacin gwamnati ba, to aikinsa bai cika ba. Da siminti da ƙarfe aka gina birnin nan, amma da zama ake tafiyar da shi. Mutum ya fito daga gida ya zauna a mota, ya isa ofis ya zauna a kujera, a kira taro ya miƙe ya je ya sake zama, har ranar da likita zai dube shi ta saman tabarau ya ce, "Ranka ya daɗe, ko dai ka fara motsa jiki, ko iyalinka su fara neman fayil ɗinka na fansho." Daga ranar sai ka ga dattijo mai daraja, wanda masinja ke riƙe wa jaka, ya sayi takalmin gudu mai launin ɗanyen lemo, yana haki a gefen titi da sassafe. A kan waɗannan bayin Allah na ci abinci, a kansu kuma na shiga gidan yari. Ku matasa, don ku nake wannan rubutu.

Ba zan faɗi sunana ba, saboda ɗaliban da na koyar suna da yawa, kuma ba su yi mini laifin komai ba. Malamin kimiyya ne ni a wata makarantar kuɗi a Karu. Na yi shekaru ina zana zuciya da huhu a kan allo, ina koya wa yara yadda jini ke zagaya jiki, ban taɓa komawa gida da ko guntun alli a aljihu ba. Na faɗi haka ne don ku san ba da wutsiya ake haihuwar ɓarawo ba.

Matata Asabe gwanar zoɓo ce. Takan sa citta da kanumfari da ɓawon abarba, in ka sha sai ka ji kamar an yi maka albishir. Albashin malami kuwa kun san shi, ba ya kai mutum ƙarshen wata. Don haka duk ranar Asabar, da an idar da sallar asuba, sai in ɗaure kular zoɓo a bayan babur in nufi Garki, inda wata ƙungiyar masu gudun motsa jiki ke ƙare zagayensu a gindin wasu itatuwa. Ma'aikata ne kusan dukkansu. Suna isowa a jiƙe, ni kuma ina tsaye da zoɓo mai sanyi. Shekara guda na yi a haka, kuma ban taɓa cin halal mai daɗin ta wannan shekarar ba.

Mutum biyu nake so ku riƙe a cikinsu. Ta farko Sista Rifkatu, ma'aikaciyar jinya, siririya, wadda kullum ita ke fara isowa, ba ta kuma tauna magana. Na biyu Alhaji Sabo, mataimakin dairakta a wata ma'aikata, wanda ritaya ta fara hango shi. Shi ne kullum na ƙarshe, har akan ce in Alhaji ya iso to an tashi kasuwa. Yana da ciwon suga, don haka bai taɓa sayen zoɓona ba, sai dai ruwa. Amma ya fi kowa daɗewa a wurina. Mai son karatu ne, ni ma haka. Yakan tara mini jaridun mako a bayan motarsa, mu tsaya muna gardama a kan abin da bai shafe mu ba har rana ta yi zafi. Mutumin da ke gaba da ni a shekaru da muƙami, amma a lokacin ba ya kirana komai sai Malam.

Wata Asabar ya iso yana haki, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, kai ne masanin kimiyya. Duba abin da aka turo mana a guruf ɗinmu na waya. Wai akwai wani jan abu, bitirut, in ka sha ruwansa sai ka yi ta gudu ba gajiya. Gaskiya ne, ko irin labaran nan ne?"

Na ce a ba ni mako guda. Na je na karanta abin da na samu, na dawo na yi musu bayani kamar a aji. Na ce bitirut wata saiwa ce ja jawur, mai kama da albasa, ana noma shi a wajen Jos. Na ce masu bincike sun ce yana ɗauke da wani sinadari da ke taimaka wa hanyoyin jini su ɗan buɗe, ta yadda mai gudu zai iya rage haki kaɗan. Na ce wasu sun ga ɗan bambanci, wasu ba su ga komai ba, masanan ma ba su gama daidaita bakinsu ba, kuma ko ya yi aiki ba zai maye gurbin atisaye ba. Wannan ita ce cikakkiyar gaskiya ta ƙarshe da na faɗa wa mutanen nan.

Ba su ji "kaɗan" ba, ba su ji "wasu" ba. Abin da suka ji shi ne akwai gudu a cikin kwalba. Alhaji ya ce, "To ai shi ke nan. Ka haɗo mana, Malam. Ni burina ɗaya, kafin in ajiye aiki in gama dogon zagayen nan ba tare da an aiko mota ta kwashe ni ba."

Na farkon da na yi na gaskiya ne. Na samo shi a wurin masu kayan lambu a kasuwar Garki, da tsadarsa, na markaɗa, na tace. Kwando guda bai cika kwalabe goma ba. Alhaji ya kurɓa, ya yamutsa fuska ya ce, "Subhanallahi! Wannan ai kamar mutum ya lashi gonar kakansa ne." Haka yake, ɗanɗanon ƙasa gare shi. Amma sai ya shanye, ya ce ai magani ba ya daɗi. Washegari wani akawu daga cikinsu ya tayar da hankalin guruf, wai ya ga fitsarinsa ja, yana neman a yafe masa. Sista Rifkatu ta ce ya kwantar da hankalinsa, haka abin yake yi wa wasu, ba jini ba ne. Maimakon wannan ya tsorata su, sai ya zama shaida. Abin da ya iya rina fitsarin akawu, ai ba ƙaramin abu ba ne.

Sista ita kaɗai ce ta sha sau ɗaya ta daina saye. Ta ce, "Ticha, ina da injin markaɗe a gida, ba zan biya ka kuɗin wanke kwalba ba." Ba da jimawa ba ma aka tura ta wani kwas a wajen gari na wasu watanni. Na yi mata fatan alheri, ban san ƙofa aka buɗe mini ba.

Masu so suka yi yawa. Wani mako kayan Jos ba su iso da yawa ba, ga shi na riga na yi alkawari. Na dubi tukunyar zoɓon Asabe, na dubi ɗan ruwan bitirut ɗina, launinsu kamar 'yan uwa ɗaya. Na ce kofi ɗaya dai, don kada in kunyata. Ba wanda ya gane. Mako na gaba kofi uku. Bayan wata guda rabi da rabi ne. Da yake zoɓo yana da tsami, sai na fara zuba sukari don in kashe shi, ina ƙarawa yadda zoɓon ke ƙaruwa. Kowane mako ina ce wa kaina wannan ne na ƙarshe.

Matsala ɗaya ta taso. Akawun nan ya ce, "Malam, ƙamshin ƙasar nan ya ragu fa. Anya ba ka fara surkawa ba?" Na yi dariya na ce kaka ce ta canja.

A makon ne Asabe ta sayo sabuwar randa. Duk wanda ya tashi a gidan da ake shan ruwan randa ya san yadda ruwan sabuwa yake, ƙamshin ƙasa kamar na ruwan farko na damina. Na dawo daga makaranta da ƙishirwa, na ɗebo na kai baki, sai na tsaya cak. Ni dai Shaiɗan bai zo mini da ƙaho ba, a cikin moɗa ya zo. Na dafa zoɓo zalla, ban sa citta ba, ban sa kanumfari ba, na zuba sukari, na juye a randar ya kwana. Da safe na ɗanɗana. Wallahi da a ce bitirut zai sha, da ya rantse ɗan'uwansa ne.

Sai dai ƙamshin randa ba ya daɗewa, bayan 'yan makonni ya gushe. Don haka na zama babban mai ciniki wurin Mama Laraba, wata dattijuwa Bagwariya da ke kawo tukwane kasuwar Karu, tana ɗauke da su a kafaɗa yadda matansu ke yi. A zuwana na huɗu ta ajiye tukunyar da ke hannunta ta ce, "Malam, matarka yana fasa randa kullum ne? In faɗa kuke yi, ka kawo shi in yi masa magana."

Na ce, "A'a Mama, ƙamshin sabuwa nake so."

Ta ce, "Mutum yana sayen randa don ruwa ya yi sanyi. Kai kana saye don wari. To, Allah ya ba ka lafiya." Ta karɓi kuɗinta tana girgiza kai.

Daga nan ban sake sayen bitirut ko ɗaya ba. Na je shagon masu buga takardu aka yi mini takardar mannawa a kwalba, da hoton wani ƙato yana gudu. Na ƙirƙiri lambar rajista daga kaina na sa a ƙasa, don ta yi kama da abin da hukuma ta duba. A sama kuma, da manyan baƙaƙe, na sa aka rubuta BABU SUKARI. Na kafa musu doka irin ta malamai: a sha awa biyu kafin gudu, kuma ba ya aiki sai ga wanda ke fita sau uku a mako. Na yi haka ne don kwalabe su riƙa ƙarewa da wuri. Su kuwa suka bi doka, suna tashi da wuri, suna fita Talata da Alhamis da Asabar. Mutumin da ke gudu sau uku a mako kuwa, ko ruwan famfo yake sha sai ya ga canji. Suka fara rage lokaci, suna nuna wa juna agogo, suna yi mini godiya. Aka daina ce mini Malam, aka koma Dokta. Ana aiko direbobi daga ofisoshi har Karu. Na ajiye aikin koyarwa.

Asabe ce ta fara tsayawa. Ta ɗauki kwalba ɗaya ta karanta, ta dube ni ta ce, "Malam, mudu nawa na ga ka juye jiya?"

Na ce kasuwanci ne, ba za ta gane ba.

Ta ce, "Ni zoɓo na iya, kuma da sunansa nake sayar da shi. Daga yau ka dafa abinka da kanka." Ba ta sake taɓa tukunyar ba.

Yanzu na zo wurin da alƙalamina ke nauyi. Ranar da na fara kawo kwalabe masu takarda, Alhaji Sabo ya ja ni gefe, ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, ka san larurata. Na ji ya ƙara zaƙi. Tsakaninka da Allah, babu sukari a ciki?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, zaƙin halitta ne. Irin na bana ya fi nuna."

Ya ce, "Shi ke nan. Da wani ne sai na kai an gwada, amma kai ne."

Tun da aka hana shi kayan zaƙi shekaru da dama, bai sami abin da ya yi masa daɗi a baki kamar wannan ba, ga shi kuma an ce magani ne. Kwalba ɗaya ta koma biyu a rana, har da ta bayan abincin rana a ofis. Bayan wata biyu sai Alhaji ya fara ramewa. Tumbin da ya yi shekara ashirin yana gaba da shi ya fara ja da baya. Tela ya rage masa kaftani sau biyu. Murna a wurin mutanen nan ba a magana. Aka ɗauki hotonsa na da da na yanzu aka jera a guruf. Duk wanda ya yi shakkar kayana sai a ce masa, "Je ka dubi Alhaji Sabo."

Ni kuwa na san abin da nake gani. Na sha rubuta shi a allo, na sha ba da shi a jarrabawa: alamomin suga in ya hau sun haɗa da yawan ƙishirwa, da yawan fitsari, da rama ba dalili. Alhaji ba ƙiba yake zubarwa ba, ciwo ne ke cin sa, jama'a na tafa masa. Da kansa ya ce mini, "Dokta, ƙishirwa ta dame ni, ga yawan zagayawa bayi." Na ce jini ne ke wankuwa. Ya ce dama ya yi zaton haka, har ya ajiye ƙwayoyin asibiti, don ya ga abin Allah ya fi na Bature. Ban hana shi ba. In na ce ya koma wa likita, likita zai tambayi abin da yake sha. In na faɗi gaskiya, kasuwata ta mutu a ranar, don Alhaji shi ne allon tallata.

Kada in yi wa kaina ƙarya, kada kuma in yi mata ƙari: sau ɗaya na gwada. Na haɗa masa nasa daban ba sukari. Ya kurɓa ya ce, "Kai, wannan ba irin nawa ba ne, ya yi tsami. Ko ka fara yi mini rowa ne?" Sai na miƙa masa na kullum. Iyakar jarumtakata ke nan.

Ana cikin haka ya fara ɗingishi. Ya cire safa ya nuna mini wani bororo da takalmi ya yi masa a ƙarƙashin babban yatsan hagu, ya fashe, mako uku bai rufe ba. Ya ce abin mamaki ko zafi ba ya yi. Na ce ya shafa man kaɗanya.

Ƙungiya ta sa ranar dogon zagaye don girmama Alhaji, saboda takardar ritayarsa ta fito. Ya yi ta zumuɗi kamar yaron da za a kai sallah. A ranar ne Sista Rifkatu ta dawo. Tana sauka daga mota ta hango shi, ana ta nuna mata shi ana cewa ta ga aikin Dokta. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Alhaji, yaushe rabonka da gwada jini?" Ya ce, "Sista, bar ni da gwaji, yau ranar tarihi ce. In na dawo kya tsire ni da allurarki." Ta ce kada ya fita, ya ce ko da rarrafe sai ya gama. Aka busa usur suka tafi, ita kuma ta ƙi yin gaba, ta bi shi a baya.

Bai kai rabin hanya ba. Kusa da wani shataletale ya tsaya, ya dafa ƙarfen fitila, ya sulale ƙasa.

A barandar asibiti Sista ta same ni, da kwalbata a hannunta, an sha rabi. Hajiya, matar Alhaji, na zaune a benci tana kuka, tana cewa ai ba ya shan komai mai zaƙi, ga shi ma a rubuce. Sista ta buɗe kwalbar a gabana ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta ce a hankali, "Ticha, da zoɓo uwata ta biya mini kuɗin makaranta. Ko a cikin kabari aka jiƙa shi zan gane shi." Na fara kame-kame. Ta ce, "Ba lokacin kunya ba ne. Likita yana so ya san abin da ke jikin mutumin nan yanzu. Cokali nawa kake sawa?"

Na ce, "Sista, ba da cokali nake awo ba. Da mudu ne."

Ta juya da gudu ta shiga ciki. Hajiya ta ɗago ta dube ni, ba ta zage ni ba. Na gwammace da ta mare ni.

Kwana biyu Alhaji bai san inda yake ba. Allah Ya yi da sauran kwanansa ya farfaɗo, suga ya sauka, aka koma fama da gyambon ƙafar. Ni kuwa jami'ai suka zo Karu. Suka tarar da randuna goma sha ɗaya jere a bayan ɗaki, da buhun zoɓo, da buhun sukari, da damin takardun da ke cewa babu shi. Ɗayansu ya zagaya ya dawo ya ce, "Oga, ina bitirut ɗin?" Na ce rabona da shi tun bara. A kotu ban wahalar da kowa ba, na amsa laifin lambar bogi da rubutun ƙarya da cutar da mutum. Lauyan da aka ba ni ya so ya ce ai su ma masu sayen da sakacinsu, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Na ce ya bari. Daddawar nan ta tambaye ni tsakanina da Allah.

Shekara biyu na yi a ciki. Ba zan ba ku labarin gidan yari da yawa ba, kada wani ya ɗauka wurin yawon buɗe ido ne. Ku dai sani mutum yakan yi kewar abubuwan da bai taɓa lura da su ba, kamar rufe ƙofa da hannunsa. Suna kirana Mai Zoɓo. Na koma koyarwa, ina koya wa manyan mutane haɗa baƙi da gawayi a jikin bango. Da safe kuma in an buɗe mu nakan zagaya fili da gudu, don in gaji in samu barci. Ni da na yi watanni ina sayar da gudu ban taɓa yin sa ba. Da wake da garin rogo a cikina, cikin 'yan watanni na kai ina zagaye talatin ban tsaya ba.

A wata na bakwai aka ce ina da baƙo. Na shiga ɗakin ziyara na tarar da Alhaji Sabo zaune a bayan tebur, da babbar riga, fuskarsa ta ciko.

Ya ce, "Dokta!"

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah kada ka sake kirana haka."

Ya ce, "To, Malam. Tashi ka zauna, kana ba ni kunya a gaban ganduroba." Ya turo mini ƙullin littattafai da tsofaffin jaridu. Ya ce, "Ka san abin da ya fi ba ni haushi? Zoɓon nan ya yi daɗi. Har yau in Hajiya ta kawo mini shayi ba sukari sai in tuna ka in yi tsaki."

Na fara kuka, na ce na kusa kashe shi. Ya ce, "Ƙwarai kuwa, ka kusa. Ni ma da digirina biyu na ajiye maganin likita saboda an tafa mini. Na yi fushi da kai wata shida, na ga fushin ba ya rage mini suga. Na yafe maka, duniya da lahira. Amma da sharaɗi. In ka fito, ka zauna ka rubuta abin da ka yi, kada ka sa masa sukari."

Na tambayi jikinsa. Ya ce, "Ana lallaɓawa. Kai dai ka karanta na saman nan, akwai gardama a ciki, zan dawo mu yi ta." Ya kuwa dawo, sau biyar.

Ranar da na fito Asabe ce a bakin ƙofa. Ba ta yi mini gori ba, ta dai ce randunan ta rabar wa maƙwabta, ta bar ɗaya ta ruwa. Yanzu ina koyar da yara darasin yamma a Karu, iyayensu sun san tarihina, don ni na fara faɗa musu. Ranar Asabar kuma na koma gindin itatuwan nan a Garki da kula biyu, ɗaya an rubuta zoɓo da sukari, ɗaya zoɓo ba sukari. Wasu sun daina gaishe ni, kuma ban ga laifinsu ba.

Har yau akan tambaye ni, to shi bitirut ɗin na gaskiya, yana ƙara gudu ko ba ya ƙarawa? Amsata ita ce wadda na ba su tun farko: wataƙila kaɗan, ga wasu. Ban da wata shaida tawa, don mutanena ba su sha shi ba. Sista Rifkatu tana markaɗa nata har yanzu, ta ce tana jin kamar yana ɗan taimaka mata a hawa, amma ita dama tun kafin a san sunansa ita ke zuwa ta ɗaya. Mai son gwadawa ya sayi ɗanyen ya ga abinsa da idonsa, in kuma yana da wata larura ya fara tambayar likitansa, ba mai kula a bayan babur ba.

Ku kuma 'yan'uwana matasa, ga abin da na sani. Ban taɓa yanke shawarar zama macuci ba. Kofi ɗaya na zuba don kada in ji kunya, kunyar da ba ta wuce in ce "yau babu" ba. Duk ranar da kuka ji bakinku yana shirya bayani mai kyau a kan abin da ba ku so a leƙa, ku tsaya a nan. Ilimin da kuka samu amana ne. Jahili in ya cuci mutum sau da yawa bai san iyakar ɓarnarsa ba, ni kuwa na san sunan kowace alama, ina kallo. Kuma ku ji tsoron ranar da mutum zai ce muku, "Da wani ne sai na bincika, amma kai ne." Ba yabo ba ne, rai ne ya ɗora muku a hannu. In kuma gudu kuke so, ku tashi ku yi, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ina roƙon Allah Ya yafe mini, Ya tsare ku da abin da ya same ni.

Alhaji Sabo ba ya fashin Asabar. Direba ke kawo shi tun daga Gwarinpa, a kafa masa kujera kusa da kulata. Shi ke riƙe da agogo da usur, yana yi wa duk wanda ya iso tsiya, ni ma ya tilasta mini shiga zagayen, in na makara ya ce, "Malam, ko a kawo maka bitirut ne?" Mutane su yi dariya, shi ya fi kowa. Bayan an watse mu buɗe jarida mu ɗora gardama daga inda muka tsaya. Ya ce ya yafe mini, na kuma yarda, don ban taɓa ganin wani abu a fuskarsa ba sai alheri.

Ƙafar hagun nan tasa kuwa, wata biyu bayan an ɗaure ni aka yanke ta daga ƙasan gwiwa.